Na'ura mai RAM 128GB: suwaf nawa za ka yanka mata?

Daren Laraba wajen sha ɗaya saura, ina Agege an ɗauke wuta ina ta fifita, sai ga kiran wani ƙanena da ke koyon aiki a kasuwar kwamfuta ta Ikeja wajen layin Otigba. Ogansa ya samo wata saba tokumbo, irin uwar garken nan da kamfanonin waje ke sallamawa idan sun sabunta kaya, RAM ɗinta 128GB, SSD ɗinta kuma 480GB kacal, an ce ya ɗora mata Linux kafin gari ya waye don mai ita zai zo ɗauka. Ya kai wajen yanka fatishan, wato raba faifan gida-gida, ya tsaya cak. Ya ce min yaya, oga ya ce doka ita ce suwaf, wato wurin da ake ware wa RAM a faifai don sauke kaya, ya zama ninki biyu na RAM, to ninki biyu na 128 ai 256 ne, fiye da rabin faifan kenan, in na ba shi wannan ina za a zuba aikin? Na ce masa dakata kar ka danna komai tukuna.

Tambayar nan na sha jin ta, kuma duk lokacin da aka yi ta a guruf sai mutane su rabu gida biyu, masu cewa ninki biyu dole, da masu cewa mai RAM 128GB me zai yi da suwaf, kashe shi kawai. Ni dai a ganina duka ɓangarorin kuskure ɗaya suke yi, suna ɗaukar suwaf a matsayin RAM na ko-ta-kwana wanda ake auna shi da girman RAM na gaske, alhali ba aikinsa kenan ba.

Bari in fara da abin da yake faruwa a ciki. RAM shi ne wurin da na'ura ke riƙe abin da take aiki da shi a yanzu, Linux tana raba shi gida-gida, ana ce musu shafuka, a kan injinan Intel da AMD kowane shafi 4KB ne. Shafukan nan kala biyu ne, kuma duk rigimar a nan take. Kala na farko kwafi ne na abin da yake kan faifai dama, fayil da aka karanta, hoto, har da jikin manhajar da take gudana. Idan wuri ya yi ƙaranci kanel, wato zuciyar Linux mai raba wa manhajoji wuri, zai iya watsar da su, don ya san inda asalinsu yake, in an sake nema sai ya koma ya ɗauko. Kala na biyu kuma su ne waɗanda manhaja ta ƙirƙira tana cikin aiki, lissafin da take riƙe da shi, rubutun da ba ka adana ba, shafukan intanet arba'in da ka buɗe a burauza tun shekaranjiya. Waɗannan ba su da gida a faifai, in an zubar sun tafi kenan. Suwaf shi ne gidan da aka yi musu.

Ka ɗauki ɗan kasuwa a Mile 12. Gaban shagonsa shi ne RAM, sitonsa na baya shi ne suwaf. Ko da shagon ya kai girman fili, akwai kayan da sai wata-wata ake tambaya, mai hankali yana tura su sito don gaban shago ya zama na kayan da ke tafiya. Wanda ba shi da sito kwata-kwata, ran da mota ta sauke kaya wuri ya cika, ba shi da zaɓi sai dai ya riƙa fitar da kayan da ke tafiya yana mayarwa wajen dila yana sake ɗaukowa, kayan da ba a taɓawa kuma suna zaune daram a tsakar shago sun tare wuri. Haka na'urar da babu suwaf take yi idan RAM ya kusa cika: ba ta iya taɓa kala na biyu, sai ta huce a kan kala na farko, ta zubar da jikin manhajojin da suke aiki a daidai lokacin, bayan ƙiftawar ido ta sake karanto su, ta sake zubarwa. Wanda ya taɓa ganin linzami ya sandare fitilar faifai na ta ƙyaftawa ba tsayawa ya san abin da nake nufi. Mutane da yawa suna zaton kashe suwaf yana hana wannan, wallahi ba ya hanawa, wani lokacin ma shi ke jawo shi da wuri.

To ina ninki biyu ya samo asali? Ba ƙarya ba ce aka ƙirƙira, a zamaninsa gaskiya ne. Wasu tsofaffin Unix, tsarin da Linux ta kwaikwaya, sai sun keɓe wa kowane shafi wurinsa a suwaf tun lokacin da manhaja ta nema, ma'ana in suwaf ɗinka bai fi RAM girma ba to babu abin da ka ƙaru da shi. Ita ma Linux a farkon kanel 2.4 da ya fito a 2001 an riƙa ba da shawarar ninki biyu saboda yadda take tafiyar da suwaf a lokacin, daga baya aka gyara. Amma ka tuna zamanin nan RAM 64MB ko 128MB ake magana, ninki biyu bai wuce 256MB ba, abu ne da faifai zai cika ya kwashe cikin daƙiƙu. Dokar ta ci gaba da yawo daga oga zuwa yaro har ta iso zamanin da RAM ya ninka sau dubu, gudun faifai kuwa bai ninka haka ba ko kusa. Ban ga laifin ogan ba, abin da aka koya masa kenan kuma ya yi masa aiki shekara da shekaru.

Maganar gudu ita ce ya kamata kowa ya riƙe. Ɗauko abu daga RAM kamar nanosakan 100 ne. Daga SSD mai kyau irin NVMe kamar maikurosakan 100, wato ninki dubu. Daga tsohon faifai mai juyawa kamar milisakan 10, ninki dubu ɗari kenan. In muka mayar da shi lissafin mutane, a ce RAM daƙiƙa ɗaya ce, miƙa hannu ka ɗauko abu a kanta, to NVMe kusan minti 17 ne, kamar ka taka zuwa masallacin unguwa ka dawo, faifai mai juyawa kuma ya haura awa 27, tafiyar babbar mota daga Legas zuwa can ƙuryar Arewa. Yanzu ka yi tunanin na'urar da aikinta na yau da kullum ya zarce RAM har ta zuba 100GB na kayan da ake taɓawa kowane lokaci a suwaf. Sunanta dai tana kunne amma babu wanda zai iya aiki da ita. Suwaf 256GB ɗin nan ba ranar da zai cece ka, abin da zai yi kawai shi ne idan wata manhaja ta haukace tana cin RAM ba ƙaƙƙautawa, maimakon kanel ya gano da wuri ya kashe ta, sai ta samu fili ta yi ta ci, sabar tana rarrafe awa da awanni, kai kuma kana cikin gosulo a gadar Third Mainland kwastoma na kiranka, ko shiga ta nesa ka kasa don ita kanta ƙofar shigar an tura ta sito.

Wannan mai kashewar, OOM killer, shi ne matakin ƙarshe na kanel, sai RAM da suwaf sun ƙare kaf yake tashi ya zaɓi wata manhaja, yawanci mafi cin wuri, ya kashe. A saba sau da yawa mafi cin wurin shi ne rumbun bayananka, abin da ka fi so kenan. Saboda jinkirinsa ne aka fito da manhajoji masu sa ido tun kafin abu ya lalace, irin earlyoom da systemd-oomd. Na biyun yana dogara da wani ma'aunin matsi da aka saka a kanel 4.20 a ƙarshen 2018, a cikin nau'o'in Linux, Fedora ta kunna shi a siga ta 34, Ubuntu kuma a 22.04. Abin lura shi ne shi kansa systemd-oomd ya fi aiki daidai idan akwai suwaf, don suwaf ne ke ba shi ɗan lokacin da zai ga matsi na hauhawa kafin komai ya tsaya. Ka ga ke nan ko wajen kashe manhaja cikin tsari ɗan suwaf na da rana.

Su kansu masu yin Linux ɗin sun daɗe da barin ninki biyu. Jadawalin kamfanin Red Hat ya bar ninki biyu ne kawai ga na'urar da RAM ɗinta bai wuce 2GB ba, daga 2 zuwa 8GB suwaf daidai da RAM, daga nan zuwa sama maganar ta koma aƙalla 4GB, a sama da 64GB ma cewa suka yi ya danganta da aikin da za a yi. Ubuntu tun siga ta 17.04 a 2017 ta daina yanka fatishan na suwaf a sabon ɗori, ta koma fayil, lokacin ma bai wuce 2GB ba. Fedora ta bi wata hanyar daban a 2020 da siga ta 33, ta koma zram.

Zram ɗin nan ina son sa, bari in ɗan tsaya a kansa. Duk wanda ya je Katangowa ya ga yadda ake matse gwanjo a ɗaure shi dila guda, kayan da za su cika ɗaki su koma abin da mutum biyu za su ɗaga. Zram haka yake yi, maimakon a kai kayan da ba a taɓawa faifai, sai a matse su a ajiye a wani lungu na RAM ɗin kansa, sau da yawa abu ya koma rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Buɗe dila ya fi zuwa sito sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya cin rayuwar SSD. Ya zama cikakken ɓangaren kanel a siga ta 3.14 a 2014, kuma wayoyin Android da muke riƙe da su da shi suke aiki, kawai ba mu sani ba ne. Fedora ta fara da rabin RAM amma kar ya wuce 4GB, a siga ta 34 ta ɗaga zuwa daidai da RAM amma kar ya wuce 8GB. Ka lura da wannan iyakar, mai 16GB da mai 128GB duk 8GB ake ba su. Akwai kuma ɗan uwansa zswap da ya shigo a 3.11, shi yana tsayawa ne a gaban suwaf na faifai, ya matse abin da zai iya, in wurinsa ya cika ya tura tsofaffin ƙasa. Windows 10 da macOS su ma suna matse RAM irin haka, Apple tun 2013.

Wuri ɗaya ne girman RAM yake da ta cewa kai tsaye a girman suwaf, shi ne haibanet, wato na'ura ta kwashe duk abin da ke RAM ta rubuta a faifai ta mutu gaba ɗaya, in ka kunna ta dawo daidai inda ka tsaya. A Linux suwaf ake rubuta wannan. Mu a Legas wannan ba abin ado ba ne, mai laftof da batirinsa ya tsufa, wuta ba tabbas, man janareta ga tsada, haibanet na iya zama bambancin aikin yini guda. In kana so to ka ba suwaf kamar girman RAM ɗinka ko ɗan fiye, duk da cewa kanel yana matse hoton kuma a tsarinsa na asali yana ƙoƙarin kar ya wuce kashi biyu cikin biyar na RAM, amma ƙoƙari ne ba alkawari ba, ran da RAM ya cika da aiki in wurin bai isa ba haibanet ɗin zai ƙi. Zram ba ya wannan aikin, don abin da ke cikin RAM yana tafiya da wuta. Sannan a Linux da yawa in Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da na'ura za ta tashi da shi, na kunne kanel yana hana haibanet ɗin ma gaba ɗaya, mutum ya yanka 32GB ya zo ya tarar ba amfani. Saba kuwa ba a yi ta don barci ba, Red Hat ma cewa ta yi a sama da 64GB ba ta ba da shawarar haibanet. Kuma in wuta ta ɗauke farat ɗaya babu UPS babu inbata, babu suwaf ɗin da zai taimake ka, kuɗin ya fi kyau a kai wajen batir.

Sai kuma abin da za a ɗora a kan na'urar, nan ma kowa da tsarinsa. Oracle a takardun ɗora rumbun bayananta ta ce in RAM ya wuce 16GB a ba da suwaf 16GB. Masu manhajar bincike ta Elasticsearch cewa suke a kashe shi ko a hana manhajar shiga cikinsa. Kubernetes, mai sarrafa manhajoji a kan saba da yawa, shekaru da yawa ƙin tashi yake in ya ga suwaf a kunne, sai a siga ta 1.22 a 2021 aka fara gwajin yarda da shi. Akwai wani tarko kuma da na ga ya kama mutane masu rumbun bayanai na PostgreSQL: suna saita vm.overcommit_memory zuwa 2 don kar kanel ya yi alkawarin wurin da ba shi da shi, to a wannan yanayin iyakar abin da za a iya nema shi ne suwaf a haɗa da rabin RAM in ba ka canza vm.overcommit_ratio ba. Saba mai 128GB babu suwaf sai ta fara cewa wuri ya ƙare a 64GB, rabin RAM na zaune ba a ba kowa. Shi ya sa tambayar da na fara yi wa ƙanen nan nawa ita ce mai sabar me zai yi da ita, kafin ma mu zo kan lamba.

Ya ce ɗan kamfani ne, za su ɗora manhajar lissafin kaya da rumbun bayanai da wasu ƙananan injinan gwaji guda uku ko huɗu. Na ce to ba ta haibanet, ba Kubernetes, saka 8GB, kuma ka yi shi fayil kar ka yanka fatishan. Ya ce yaya 8 kawai, a kan 128? Na ce eh. Ba wai 8 wata lamba ce mai tsarki ba, da 4 ka saka ba zan yi faɗa ba, da 16 ma haka, abin da ake nema wuri ne da zai ɗauki kayan da suka kwanta ba a taɓawa, kuma bai yi girman da mahaukaciyar manhaja za ta yi awa uku tana iyo a ciki ba.

Dalilin fayil kuwa shi ne gobe. Fatishan in ka yanka ya zauna, canza shi sai da wahala da fargaba, fayil kuwa minti biyu ne: swapoff, ka yi sabo da fallocate ko dd, chmod 600, mkswap, swapon, ka duba layinsa a /etc/fstab, shikenan ko kashe na'urar ba sai ka yi ba. A kanel na yanzu bambancin gudu tsakaninsu ba abin da za ka ji ba ne, musamman a SSD. Inda za ka yi hattara shi ne tsarin jera fayiloli a faifai irin Btrfs, sai daga kanel 5.0 a 2019 ya fara karɓar fayil ɗin suwaf kuma da sharuɗɗansa, da ZFS wanda an san saka suwaf a kansa na iya sa na'ura ta maƙale idan RAM ya yi ƙaranci, a nan ɗan fatishan daban ya fi kwanciyar hankali.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: duk abin da ke RAM zai iya sauka a suwaf, har da kalmar sirri da makullan shiga. A kasuwar da faifai ke fita daga wannan na'ura ya shiga waccan, tokumbo ya zo da bayanan mutanen wata ƙasa ba a goge ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. In ka rufe faifanka da LUKS, makullin sirri na faifai a Linux, ka tabbata suwaf na ciki, fayil da ke zaune a kan rufaffen faifai ya samu wannan kyauta.

Maganar saitin kanel da ake kira swappiness kuma a gajarce, tunda kullum sai an kawo ta. Asalinsa 60 ne, kuma ba yana nufin sai RAM ya kai kashi kaza za a fara suwaf ba kamar yadda ake yaɗawa. Ma'auni ne na wanne kanel zai fi taɓawa in yana neman wuri, shafukan RAM kala na farko ko na biyu. Da daga 0 zuwa 100 ne, daga kanel 5.8 a 2020 ya kai 200 saboda masu zram da faifai masu sauri. Masu rumbun bayanai kan sauke shi zuwa 10 ko ƙasa, masu zram kan ɗaga shi sama da 100. In ba ka auna ka ga matsala ba ka bar shi yadda yake.

Aunawar ma ba wuya. Mutane na buga free -h su ga suwaf ya ci 2GB alhali RAM na da sauran wuri, hankalinsu ya tashi su ce na'ura ta lalace. Ba ta lalace ba, kayan da suka kwanta ne aka kai sito, wurinsu kuma aka ba fayilolin da ake karantawa kullum. Abin dubawa shi ne zirga-zirga, ka buga vmstat 1 ka kalli si da so, shiga da fita kenan. In sifili ne ko jefi-jefi to lafiya lau ko da suwaf ɗin ya kai rabi. In kuwa lambobi na ta gudu ba tsayawa a lokacin aiki, to RAM ne bai isa ba ko wata manhaja ce ke cinye shi ba ta saki, ƙara suwaf ba zai warkar ba.

Masu Windows su ma kar su ce ba ruwansu, pagefile.sys shi ne nasu, sai dai haibanet ɗinsu fayil ne daban, hiberfil.sys. Shawarata gare su su bar Windows ta riƙa auna shi da kanta, sai in suna buƙatar cikakken hoton RAM lokacin da na'ura ta faɗi don bincike, wannan kam yana son fayil mai girman RAM ɗin da ɗan ƙari.

Ƙanen nawa ya gama ɗorin wajen ƙarfe ɗaya na dare. Da safe ya nuna wa ogansa jadawalin Red Hat a waya cikin ladabi, ogan ya duba ya ce a bar shi haka. Na ce masa bayan sati biyu in mutanen sun fara aiki sosai ya roƙi izini ya shiga sabar da rana tsaka, lokacin da kowa ke kanta, ya bar vmstat na gudu minti goma ya turo min hoton allon, daga nan za mu san ko 8GB ɗin zai zauna ko za mu taɓa shi.